Waƙar da Aka Sayar Sule Goma

Wajen ƙarfe biyu na dare ne, ina aiki a ɗakin kwantar da yara, aka kawo mana wani yaro ɗan shekara huɗu da amai da gudawa suka tsotse shi. Duk wadda ta taɓa riƙe ɗanta ana laluben jijiya a bayan hannunsa ta san irin wannan tashin hankali. Sau biyu ina gwadawa yana fizgewa. Sai uwar ta ce, "Sista, bari in kunna masa zakinsa." Ta ciro waya ta kunna masa wani yanki na fim ɗin The Lion King, daidai inda wasu dabbobi biyu suke tafe cikin daji suna rera waƙar nan ta zaki mai barci. Yaron ya zuba wa wayar ido, hannunsa ya saki, na samu jijiyar, muka ɗaura masa ruwa.

Da gari ya waye na koma gida, waƙar ta ƙi fita daga kaina. Na san da yawanku kun san ta, ko ba ku san sunanta ba, don yaranmu sun cika mana kunne da ita. Abin da ya hana ni barci ran nan shi ne na san tarihin mutumin da ya ƙirƙiro ta, kuma tarihin nasa yana taɓa wani tabo da nake ɗauke da shi shekara da shekaru.

Sunansa Solomon Linda, ɗan ƙabilar Zulu ne a Afirka ta Kudu. Ya baro ƙauye ya zo birnin Johannesburg neman abinci, yana aikin ƙarfi da rana, da dare yana waƙa da ƙungiyarsa mai suna Evening Birds. A 1939 suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo suka rera wata waƙa mai suna Mbube, wato zaki da harshensu. Faifan ya karɓu sosai, an sayar da kimanin 100,000. Abin da Linda ya samu a kan haƙƙin waƙar shi ne sule goma. Ku tambayi kakanninmu da suka ga zamanin fam da sule, za su gaya muku rabin fam ke nan. Kamfanin ya kuma ba shi aiki a ma'ajiyarsa, yana shirya faya-fayai cikin kwali.

Daga nan waƙar ta tsallaka teku. A farkon shekarun 1950 mawaƙin Amurka Pete Seeger da ƙungiyarsa suka rera ta da sunan Wimoweh. A 1961 aka ɗora mata kalmomin Turanci, wata ƙungiya mai suna The Tokens ta fitar da ita a matsayin The Lion Sleeps Tonight, ta zama ta ɗaya a duk Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1962, Linda ya rasu da ciwon ƙoda cikin talauci. Sai da aka yi shekara 18 kafin iyalinsa su iya sa dutsen shaida a kabarinsa, kamar yadda al'adarsu take. A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar a fim ɗin da wancan yaro yake kallo a gadon asibiti. Lokacin 'ya'yan Linda mata suna zaune a Soweto hannu baka hannu ƙwarya. Ɗaya ta rasu a 2001 babu halin sayen maganin da take buƙata. Wata daga cikinsu kuwa ma'aikaciyar jinya ce kamar ni, kuma duk sanda na tuna wannan sai in ji kamar mun taɓa haɗa aikin dare da ita.

Da yamma na ba maigidana labarin. Shi ɗan kasuwa ne, tayoyin mota yake sayarwa, kuma mutum ne da ba ya son a kawo masa tausayi a inda ake maganar lissafi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Uwargida, abin tausayi ne, amma ciniki ciniki ne. In mutum ya sayar da gonarsa, bayan shekara goma gwamnati ta ratsa titi ta wajen, kuɗin fili ya ninka sau ɗari, zai dawo ya ce a ba shi gonarsa? Ke da kanki da kika sayar da 'yan kunnenki lokacin da za mu biya kuɗin haya, yanzu da gwal ya tashi kin koma wajen mai shagon kin ce ya ƙaro miki?"

Na yi shiru, don maganarsa tana da nauyi. Ya ƙara da cewa wanda ya sayi waƙa kasada ya yi. Shi ya biya ɗakin ɗaukar murya, shi ya buga, shi ya yi talla, kuma a cikin waƙoƙin da yake saye yawancinsu ba sa mayar da ko uwar kuɗi. In ta faɗi, mawaƙi ba ya dawo masa da ko kwabo. To don me in ta ci kasuwa za a ce ya yi zalunci? Ya ce in aka ce kowa yana iya warware ciniki don ya ga abin ya yi albarka a hannun wani, ba wanda zai ƙara yarda ya zuba kuɗinsa a kan sabon mawaƙi, kuma ƙananan ne za su fi shan wahala.

Ya san dalilin da ya sa maganar ta dame ni, shi ya sa ya sassauta murya a ƙarshe. Lokacin ina makarantar koyon jinya na rubuta wani littafi. A littattafan rubutu na 'yan makaranta na rubuta shi, guda bakwai, yawanci da fitilar waya bayan abokan ɗakina sun yi barci. A shekarar ƙarshe Ummata ta kwanta, likita ya ce sai an yi mata aiki an cire ƙari a mahaifa. Mahaifinmu ya riga ya rasu, ni ce babba. Wata ƙawata ta raka ni wajen wani Alhaji mai buga littattafai a kasuwa. Ya karɓe ni da mutunci, ya riƙe rubutun mako guda, da na koma ya ce zai saya gaba ɗaya. Ya miƙo wata takarda mai shafi ɗaya. Wallahi ban karanta ta ba. Idona yana kan kuɗin, zuciyata tana asibiti. Abin da ya ba ni bai kai albashina na wata guda a yau ba, amma ya cike abin da ya rage, aka yi wa Umma aiki, ta tashi, tana nan da ranta har yau tana goyon jikokinta.

Bayan wasu shekaru, ina raba magani a ɗakin mata, sai na ji wata mai jinya tana sauraron labari a wayarta. Muryar wani namiji ce yana karantawa. Na tsaya da tiren magani a hannuna, don na san jimlar da za ta biyo baya kafin ya faɗe ta. Littafina ne. An canza masa suna, an yanka shi kashi-kashi an ɗora a YouTube, kuma babu sunana ko a farko ko a ƙarshe. Matar ta ce, "Sista, ke ma kina bi? Ai marubucin nan ya iya labari." Na ce mata eh, ya iya. Na shiga ɗakin ma'aikata na rufe ƙofa na yi kukana.

Na nemi lambar Alhajin na kira shi. Bai yi min rashin mutunci ba. Ya ce, "Hajiya, ai kin sayar, kuma na biya ki a lokacin da kike buƙata." Ya ce shi ma da kasuwar littafi ta mutu ya tattara abin da ke hannunsa ya sayar wa wasu, bai san hannu nawa ya bi ba. Ya ce littattafai da yawa da ya saya a wancan lokacin gara ce ta cinye su a shago. Ban ƙaryata shi ba. Har yau ina yi masa addu'a saboda ranar da ya ƙirgo min kuɗin nan. Amma kuma har yau in na tuna muryar mutumin nan yana karanta abin da na rubuta da hawayena kamar tsintarsa aka yi a hanya, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Na daɗe ina juya waɗannan abubuwa biyu, godiya da ciwo, ina neman inda za su zauna tare. Aikina ne ya taimake ni. A asibiti ba a shiga da mutum ɗakin tiyata sai ya sa hannu a takardar amincewa. Amma tun a makaranta aka koya mana cewa sa hannu kaɗai bai isa ba. Dole a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, ya san abin da za a yi masa da abin da zai iya biyo baya, kuma ya kasance cikin hayyacinsa, ba wanda ya matsa masa. In ka miƙa wa mace takarda tana murƙususun naƙuda ta dangwala yatsa ba tare da ta fahimci komai ba, ka samu tawada a takarda, amma amincewarta tana nan ba ka samu ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Baƙar fata a Johannesburg ta 1939, a ƙasar da doka kanta ba ta ɗauke shi daidai da Bature ba, da wane ƙarfi zai ja ciniki da kamfani? Yarinyar da uwarta ke kwance, yaushe za ta tsaya karanta sharuɗɗa?

A nan misalin 'yan kunnen maigidana ya gaza. Ranar da na sayar da gwal, ni da mai shagon duk mun san farashin giram a kasuwa, an ɗora a ma'auni a gabana. Waƙa ba ta da ma'auni ranar da aka haife ta. Mai ita bai san darajarta ba, mai saye ma hasashe yake yi, sai dai shi ya san hanyoyin da kuɗi ke shigowa, mawaƙin kuwa sau da yawa bai sani ba. Sannan gwal ɗina ba ni na ƙera shi ba, in mai shagon ya narkar da shi ba abin da ya taɓa ni. Waƙa kuwa ko ta shekara ɗari, numfashin mai ita yana cikinta.

Da na bincika sai na tarar masu dokoki sun daɗe da gane wannan. Dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1911, wadda ta yi aiki a ƙasashen da ke ƙarƙashinta har da Afirka ta Kudu, ta ce ko mutum ya sayar da haƙƙin aikinsa, shekara 25 bayan rasuwarsa haƙƙin zai koma ga magadansa. Da wannan tsohuwar doka lauyoyi suka kafa hujja. Wani ɗan jarida, Rian Malan, ya tono labarin Linda a mujallar Rolling Stone a 2000. A 2004 aka kai ƙarar Disney kotu a Afirka ta Kudu da sunan magadan, bisa cewa tun 1987 haƙƙin ya dawo gida. A 2006 aka yi sulhu da kamfanin Abilene Music, wanda shi ya ba Disney izinin amfani da waƙar. Aka amince za a biya iyalin, aka kuma amince a riƙa rubuta sunan Linda cikin waɗanda suka tsara ta. Shekara 44 ke nan bayan an binne shi.

Amurka ma tana da irin wannan ƙofa. Dokarta ta 1976 ta ba marubuci ko mawaƙi damar karɓe haƙƙin da ya sayar bayan shekara 35, kuma ko an rubuta a yarjejeniya cewa ya yafe wannan dama, rubutun ba ya aiki. Sai dai dokar ba ta shafi abin da mutum ya yi a matsayin ma'aikacin kamfani ba. Ku lura da hikimar da ke ciki. Mai saye yana da shekaru masu yawa da zai mayar da kuɗinsa ya ci riba, don haka kasadarsa ba ta tafi a banza ba. Mai waƙa kuma ba a ɗaure shi da jikokinsa har abada da sa hannun da ya yi yana yaro ko yana cikin matsi ba.

Wataƙila 'yan matan gidanku sun ba ku labarin Taylor Swift. Tana da shekara 15 ta sa hannu da kamfanin Big Machine a 2005. Ya kamata a san cewa haƙƙi biyu ne a cikin kowace waƙa: akwai na kalmomi da karin da aka tsara, akwai kuma na ainihin muryar da aka ɗauka a faifai. Kamfanin ne ya mallaki na biyun a kundayenta shida na farko. A 2019 aka sayar da kamfanin da kundayen ga wani ɗan kasuwa, Scooter Braun, shi kuma ya sayar da su ga wani kamfanin zuba jari a 2020. Da yake ita ce ta tsara waƙoƙin, sai ta koma ta sake rera kundaye huɗu daga farko, masoyanta suka koma sauraron sababbin. A watan Mayun 2025 ta sanar cewa ta saye tsofaffin gaba ɗaya, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai kimanin dala miliyan 360. Na taya ta murna, amma labarinta bai kwantar min da hankali ba. Ita tana da kuɗin fansar abinta da miliyoyin masoya a bayanta. Linda ba shi da ko ɗaya. Haƙƙin da sai mai ƙarfi ne kaɗai zai iya ƙwato shi, talaka bai amfana da shi ba.

Mu ma nan gida ba baƙin wannan al'amari ba ne. Mun san yadda yaro mai murya zai rera waƙar fim a sallame shi a ranar, waƙar ta zaga gidajen biki shekara da shekaru, ba a ko san fuskarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, ta tanadi abubuwan da da yawanmu ba mu sani ba. Sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Haƙƙin waƙa ko littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato gado ne kamar gida ko gona. Kuma haƙƙin a ambaci sunanka a kan aikinka daban yake da haƙƙin cin kuɗinsa, ba ya bin ciniki. Da na san wannan na ƙarshen ranar da na kira Alhaji, da na san abin da zan nema.

To ga inda na tsaya, bayan duk wannan juye-juye. Wanda ya sayar da waƙarsa ya sayar, bai kamata ya wayi gari ya ce an yi masa sata don kawai ta yi kasuwa ba. Alkawari kaya ne, kuma wanda ya fitar da kuɗinsa lokacin da ba wanda ya san ka ya cancanci ya ci moriya. A nan ina tare da maigidana. Inda muka rabu shi ne kalmar "har abada". Ina ganin cinikin waƙa ya fi kama da jinginar gona fiye da sayar da ita: a ci amfaninta na wasu shekaru sanannu, sannan ta koma ga mai ita ko 'ya'yansa. In kuma abin ya yi albarkar da ba wanda ya zata, a samu wani kaso, ko yaya yake, da zai riƙa komawa inda ya fito. Suna kuwa ba ya cikin kayan sayarwa tun farko. Da na faɗa wa maigidana haka, sai ya yi dariya ya ce, "In dai an rubuta hakan tun ranar ciniki, ni ma na yarda." Na ce to ai matsalar ke nan, ranar ciniki mai rauni ba shi da bakin da zai nemi a rubuta, shi ya sa ake buƙatar doka ta nema masa, ko wani babba ya tsaya masa.

Wannan na ƙarshen shi ne ya sa na kawo maganar nan gabanku, iyaye mata. A gidajenmu akwai yarinyar da ke rubuta labari tana turawa a WhatsApp, akwai yaron da ke rera ƙasida a walimar sauka har mutane su yi ta ɗauka a waya, akwai mai zanen ɗinki. Wata rana wani zai zo da kuɗi a hannu da takarda. Kada ku bar su su je su kaɗai. A karɓi takardar a kwana da ita, a kai wa wanda ya san doka ya karanta. A tambaya: sayarwa ce ko izini na wani lokaci? Shekara nawa? In an mayar da shi fim ko murya ko an ɗora a intanet, mene ne rabon mai shi? Wanda ya saya zai iya sayar wa wani ba da sanin mai shi ba? Sunan wa za a rubuta? A kuma riƙe kwafi a adana shi inda ake adana takardar fili. Mai niyyar kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wanda ya ce sai yau, in ba yau ba ya fasa, ku bar shi ya fasa.

'Yata ta fari tana da shekara tara. Kwanan baya na tarar da ita ta cika rabin littafin lissafinta da labarin wata kyanwa da ta ɓata a kasuwa. Na yi niyyar yi mata faɗa kan ɓarnar littafi, sai na fasa. Na ba ta biro na ce ta rubuta sunanta cikakke a saman shafin farko, da kwanan wata. Ta ce, "Mama, ai kowa ya san nawa ne." Na ce ta dai rubuta.

Shi kuwa yaron nan na daren, kwana uku ya yi muka sallame shi, ya fita yana tsalle da wayar uwarsa a hannu. Ban samu sukunin gaya mata ba a lokacin, amma in tana cikin masu karanta wannan shafi: mutumin da ya taimaka mana muka samu jijiyar ɗanki ran nan, sunansa Solomon Linda.

Ku fa, akwai wadda ta taɓa sayar da wani abu na hannunta cikin matsi, daga baya ta gan shi yana haskawa a hannun wani? Kuna ganin ciniki ya ƙare ke nan, ko da sauran magana?